Yadda Ake Noman Latas da Kayan Lambu a Cikin Gida Lokacin Hunturu a Sakkwato

Tun da iska ta juya hazo ya fara sauka, tambayoyin da ake ta aiko mini ba su wuce uku ba: me zan shuka a tsakar gida yanzu, me ya sa irin latas ɗin da na zuba ya ƙi fitowa, sai kuma masu cewa nasu na bara ya fito lafiya lau amma ya miƙe ya yi ɗaci, ko akuya sai da ta yi shawara kafin ta ci. Duka ukun amsarsu tana komawa ga lokaci. Sanyin da kayan salak ke so ba ya daɗewa a Sakkwato. Yakan shigo cikin Nuwamba, ya kankama a Disamba da Janairu, kafin Fabrairu ya ƙare rana ta fara dawowa da halinta, a Maris da Afrilu kuwa zafi yakan haura digiri 40. Wata uku ke nan da 'yan kwanaki, kuma cikinsu za a yi komai a gama.

Matakan nan sun shafi mai ɗan fili a bayan ɗaki, sun kuma shafi wanda aka shafe gidansa kakaf da siminti.

1. Lissafin kwanaki

Kafin ku sayi komai, ku sa ƙarshen Fabrairu a gaba, ku ƙirgo kwanaki zuwa baya. Kowane iri da tsawon zamansa a ƙasa.

Latas: mako 3 zuwa 4 a wurin reno, mako 4 zuwa 6 bayan dashe, wato wajen wata biyu. Ana zuba irinsa daga farkon Nuwamba har tsakiyar Disamba. Wanda ya kai farkon Janairu zai ci ganye, amma kada ya sa rai da dunƙulallen kai.

Karas: wajen wata uku daga ranar shuka. Nuwamba ne lokacinsa, in an makara farkon Disamba.

Kabeji: mako 4 zuwa 5 a reno, sannan wata biyu da rabi zuwa uku bayan dashe. Wanda bai zuba iri a Oktoba ko farkon Nuwamba ba, sai dai ya sayi dashe.

Tumatir: mako 3 zuwa 4 a reno, ya fara nuna bayan wata biyu zuwa biyu da rabi da dasawa.

Lansir da lawashi: mako 2 zuwa 3 kacal, kowane lokaci cikin sanyin.

Alayyafo yana yi, sai dai ɗari na sa shi nawa. Abin da yakan kai cikin wata ɗaya da zafi, a Janairu sai ya ci mako 6. Kokwamba da guro kuwa ba sa shiri da ɗari sam, a bar su sai ƙarshen Janairu.

Shawarata ga wanda bai taɓa yi ba: latas, lansir, lawashi da alayyafo, sai karas in akwai wuri. Kabeji ba na ƙaramin gida ba ne. Zai zaune muku fili kusan wata huɗu, ya sha ruwa, ya gayyato tsutsa, a ƙarshe kowane gindi ya ba da kai ɗaya tak, kuma a daidai lokacin da 'yan noman rani suka cika Kasuwar Daji da shi. Tumatir ma haka, sa'ad da naku zai nuna, na fadamun Goronyo da Wurno ya shigo gari. Latas ne ya fi cancantar wahalar ku, don danye ake cinsa, ba ya jure ajiya, kuma na kasuwa ba ku san ruwan da aka ba shi ba. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa wajen Fabrairu da Maris, don haka mai son salak ɗin buɗa-baki daga lambunsa, shukar tsakiyar Disamba ita ce tasa.

2. Zaɓen wuri

Ku tsaya a tsakar gida da hantsi, ku sake tsayawa bayan azahar, ku ga inda rana ke faɗawa. Ana son wurin da yake samun rana awa 5 zuwa 6, kuma wadda ta fi ita ce ta safe. Gefen da katanga ke yi wa inuwa da yamma ya fi kowane, don latas ɗinsa yakan ƙara mako guda ko biyu kafin ya yi ɗaci.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, tana busar da ganye tana kwantar da ƙananan tsiro. Ku kafa zana ko ku yi ɗan darni na karan gero ta wannan ɓangaren. In kuma akwai kaji ko awaki a gidan, kewaye wurin ya zo kafin shuka, ba bayan an yi ɓarna ba.

A kula: ban da gindin dogon yaro. Inuwarsa ta yi yawa, saiwarsa kuma za ta riga shukarku shanye ruwan. Ban da kusa da masai ko bakin kwata.

3. Ruwa da kuɗin da za a kashe

Ruwa ne zai yanke muku girman lambu, ba fili ba. Ga lissafin: a irin ƙasarmu mai rairayi, kowace murabba'in mita ɗaya tana shan wajen lita 5 a rana. Fangali, wato komin shuka, mai faɗin mita 1 da tsawon mita 2 ke nan lita 10 kullum. Daga shuka zuwa girbin latas, a ce kwana 60, lita 600, wato jarka 24 masu lita 25. In a wajen 'yan garuwa kuke saye, ku ninka 24 da kuɗin jarka ɗaya a unguwarku, wannan shi ne babban kuɗin da lambun zai ci. Mai rijiya ko burtsatse a gida ya huta. Wanda ke Mabera ko Gidan Igwai yana jiran kura ta zo, ya fara da fangali ɗaya ko buhu shida, ya ga yadda za ta kaya.

Sauran kayan, yawancinsu suna cikin gida: fartanya ko magirbi, bokiti, tsohuwar rariya ta tankaɗe ƙasa, buhunan shinkafa, tsohon baho ko roba da ta fashe. Butar ban ruwa mai ramuka tana da daɗin aiki, amma ba dole ba ce. Ku samo gorar ruwa babba, ku huda murfin da allura mai zafi wuri goma sha, ta wadatar. Abin da za ku saya da kuɗi shi ne iri, zana in babu, da taki in ba ku kiwo.

Ruwan alwala da na wankin shinkafa da na wanke kayan miya duk kada a zubar, a tara a bokiti a ba shuka.

Gargaɗi: ruwan wanki mai omo yana ƙona saiwa, yana kuma bar wa ƙasa gishiri. Ruwan kwata kuwa haram ɗin lambun salak ne, ta nan taifod da amai da gudawa ke shiga gida.

4. Haɗa ƙasa

Nan ne mafi yawan mutane ke yin gaggawa, kuma nan ne aikin yake. Ƙasar cikin gari jigawa ce, ruwa na zuba yake wucewa. Aikinku shi ne ku sa ta ta iya riƙe danshi.

Masu fili su yi fangali, wato komi. A rani ba a yin kunya mai tudu kamar ta damina, kwari ake yi mai ɗan baki kewaye don ruwa ya kwanta ciki. Faɗinsa kada ya wuce mita 1, yadda hannu zai kai tsakiya ba sai an taka ba. Ku kafce zurfin santimita 25, na karas 30, ku tsince duwatsu da leda da fasassun kwalabe. Ku zuba ruɓaɓɓen taki bokiti biyu ga fangali mai mita 1 da 2, ku ƙara buntun shinkafa bokiti ɗaya in kun samu a wajen masu injin casa, ku cakuɗa sosai, ku baje ya yi bai ɗaya. In ya karkace, ruwa zai taru gefe guda, ɗaya gefen ya zauna da ƙishi.

Masu siminti su yi da buhu. Ƙasa kashi biyu, taki kashi ɗaya, ɗan buntu a kai. A naɗe bakin buhun ya dawo rabi, a huda gindinsa wuri shida ko takwas, a ɗora bisa duwatsu ko bulo don ruwa ya samu hanyar fita, siminti kuma kada ya gasa saiwar. Buhu ɗaya na ɗaukar latas biyu zuwa uku. Ya fi fangali saurin bushewa, sai ku riƙa lura.

Batun taki kuma. Kashin awaki da tumaki shi ya fi sauƙin samu, ko a gida ko a wajen masu dabbobi a Kara. Sharaɗinsa ya ruɓe. Ku damƙo shi a hannu: in ya yi baƙi, ya marmashe, babu wari babu ɗumi, ya yi. In har yanzu ƙwayoyinsa na nan mulmul suna ƙyalli, da saura. Ku tara shi wuri ɗaya, ku jiƙa, ku rufe da buhu, ku riƙa juyawa duk mako kuna ƙara ruwa, cikin wata guda zai yi laushi. Kashin kaji ya fi ƙarfi nesa, rabin ma'auni ake sa shi, kuma shi ma sai ya ruɓe.

Bayan kun gama haɗi, kada ku yi shuka ranar. Ku ba fangalin ruwa kamar akwai shuka ciki har mako guda. Irin hakin da ke cikin kashin awaki zai tsiro, ku tuge shi, sannan ku shuka naku. Wanda ya tsallake wannan, ranar da karas ya fito ba zai bambance shi da ciyawa ba.

Gargaɗi: ɗanyen taki yana ƙona tsiro, yana sa karas ya yi rassa, kuma yana ɗauke da ƙwayoyin cuta da za su iya hawa ganyen da ba dafawa za a yi ba. Haka nan duk mazubin da aka taɓa zuba maganin feshi ko baƙin mai a ciki, ba a shuka abinci a cikinsa.

5. Sayen iri

Ku je shagon masu sayar da iri da maganin feshi, ku nemi wanda ke cikin leda ko gwangwani a rufe, ku duba ranar ƙarewarsa. Irin da aka shanya a tire rana na dukansa tun safe, ko arha ne ku wuce, don irin latas da na albasa ba sa jure zafi. Sunayen da aka saba da su a Arewa: latas Great Lakes, karas Touchon ko Nantes, kabeji Copenhagen Market, tumatir Roma VF ko UC82B. Irin alayyafo da lansir kuwa a wajen 'yan koli da masu kayan yaji ake samu.

Kada ku sayi da yawa. Giram ɗaya na irin latas yana ɗauke da ƙwaya wajen 800 ko fiye, ƙaramin cokalin shayi ya ishi gida duk shekarar. In kuna shakkar irin, ku ƙirga ƙwaya 10 ku sa a jiƙaƙƙen ƙyalle, ku ajiye gindin randa. In 7 suka tsiro cikin mako guda, iri ya yi.

Wanda ya makara, ya nufi fadamar Kwalkwalawa ta hanyar jami'a ya sayi dashe a hannun manoma, ya rage wa kansa kusan wata guda. Ku tambaya kai tsaye: "Baba, wannan kwanansa nawa da zubawa?" In ya haura wata ɗaya da rabi, ko kun ga ya yi dogon wuya, tsoho ne, ba zai yi kai ba. A naɗe saiwar cikin jiƙaƙƙen buhu, a dasa a yammacin ranar.

6. Renon iri

Latas da kabeji da tumatir sai an rene su tukuna. Tsohon baho da aka huda ya isa. Ku tankaɗe ƙasa da taki su yi laushi, ku cika zurfin santimita 10, ku jiƙa ta sosai kafin ku zuba iri. Ku ja layuka da yatsa, tsakaninsu yatsa huɗu, ku barbaɗa irin jefi-jefi, ba tuli ba.

Abin da ke hana latas fitowa abu biyu ne. Na farko binnewa. Irin ƙanƙane ne, yana son haske, ƙasar da za ku barbaɗa a kansa kada ta wuce wadda za ta ɓoye shi daga ido. Na biyu zafi. In ƙasa ta kai wajen digiri 30, irin latas yakan ƙi tsirowa ko da lafiyarsa ƙalau. Shi ya sa ake zuba shi da yamma, a ajiye bahon a inuwa, a lulluɓe da busasshiyar ciyawa ko buhun algarara mai danshi. Cikin kwana 3 zuwa 7 za ku ga kore.

Da kun ga tsiro, ku yaye lulluɓin a ranar, ku kai bahon inda zai samu ranar safe. In kuka bar shi a rufe kwana biyu, zai yi tsawo siriri fari, ya faɗi. Yayyafi ake yi masa safe da yamma, ba kwarara ba. Inda ya cunkushe, ku rage, ku bar yatsa ɗaya ko biyu tsakanin tsiro da tsiro. Cunkoso da yawan ruwa su ke kawo ruɓewar gindi, ku wayi gari ku tarar tsiron ya kwanta kamar an yanke shi da zare.

Kwana uku kafin dashe, ku rage ruwa, ku ƙara masa rana, ya saba da wahala.

Dabarar da ta fi kowace amfani a nan: kada ku zuba iri duka rana ɗaya. Layi biyu yau, layi biyu bayan mako biyu, wasu biyu bayan wani mako biyun. In ba haka ba, latas talatin za su isa girbi a mako guda, ku rabar wa maƙwabta, sannan ku koma saye.

A kula: kiyashi da tururuwa suna kwashe irin latas cikin dare ɗaya. Ku ɗora bahon bisa bulo, ku kewaye shi da toka.

7. Waɗanda ba a dasawa

Karas ba ya son a taɓa saiwarsa, inda zai girma nan ake shuka shi. Ku cakuɗa irin da busasshen rairayi don ya bazu, ku zuba a layuka masu tazarar santimita 20, zurfin bai kai gaɓar yatsa ba. Yana da nawa, kwana 7 zuwa 14, kuma duk tsawon kwanakin nan saman ƙasar bai kamata ya bushe ko sau ɗaya ba. Bayan mako uku da fitowa ku rage shi, ku bar yatsa uku tsakani. Hannu yakan yi nauyi wajen tuge lafiyayyen tsiro, amma in ba ku rage ba, ganye za ku girba.

Lansir da alayyafo yafi ake yi, a bi da tafin hannu a ɗan danna. Lawashi kuwa ba ya buƙatar iri: ƙananan albasar da suka fara tsiro a kicin, ku kafa su, kan yana waje. Na'a-na'a reshe ake sokawa, amma a ba ta tukunyarta daban, in ta shiga fangali sai ta mamaye.

8. Dashe

Latas ya isa dashe in ya yi ganye 4 zuwa 5. Bayan la'asar ake yi. Ku jiƙa bahon reno awa guda kafin nan, ku jiƙa fangalin ma. Da cokali za ku ɗago kowane tsiro tare da ƙasarsa, ku riƙe shi ta ganye, ba ta kara ba.

Tazarar latas santimita 25 zuwa 30. Fangali mai mita 1 da 2 zai ɗauki layi uku, kowane layi bakwai, 21 ke nan. Kabeji da tumatir kamu ɗaya, wajen santimita 50. Ku danna ƙasa a gindin a hankali, ku ba ruwa nan take. Washegari za ku gan su sun yi laƙwas, kada hankalinku ya tashi. Ku yi musu 'yar inuwa da ganye ko kwali na kwana uku, za su miƙe.

Gargaɗi: kada ƙasa ta rufe tsakiyar latas inda sabon ganye ke fitowa, ruɓewa zai yi. Tumatir ne kaɗai ke son a nutsar da karansa.

9. Ban ruwa da ƙarin taki

Makon farko bayan dashe, safe da yamma. Daga nan sau ɗaya a rana ya ishi fangali, buhu kuwa sau biyu. Hunturu yana da yaudara: jiki na jin sanyi sai a ɗauka ƙasa ma ba ta jin ƙishi, alhali iskar busasshiya ce ƙarau, tana zuƙe danshi. Ku soka yatsa har gaɓa ta biyu, in ya fito a bushe, a ba ruwa. Latas ɗin da ake bari ya yi yaushi sannan a farfaɗo da shi, shi ne ke saurin ɗaci.

Ƙura takan kwanta bisa ganye ta yi fari fat. Duk bayan kwana biyu ko uku ku yayyafa ruwa ta sama da safe ku wanke ta. Ku shimfiɗa buntu ko ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa tsakanin shuke-shuken, yana rage shan ruwa sosai. Sai dai ku riƙa ɗagawa kuna dubawa, gara na son irin wannan wurin. In kuka ga wani fari-fari yana fitowa a saman ƙasa, gishirin ruwa ne, ku ba ta ruwa mai yawa sau ɗaya a mako ya wanke shi ƙasa.

In takin gargajiya ya wadata, latas ba ya neman ƙari. In ganye ya fara rawaya bayan kwana 10 da dashe, ku sa takin zamani NPK 15-15-15, rabin murfin kwalbar lemo ga kowane gindi, nesa da kara da yatsa huɗu, ku rufe da ƙasa ku ba ruwa.

A kula: yuriya in ta taɓa ganye ko kara tana ƙonawa. Kuma in ya rage mako biyu a fara cira, a daina sa kowane takin zamani.

10. Masu ɓarna

A cikin gari, babban maƙiyin lambu ba ƙwaro ba ne, ƙadangare ne. Yana iya share bahon reno tsakanin hantsi da azahar, abin da ya rage tsuntsaye su ƙarasa. Maganinsu ɗaya: raga. Ku lanƙwasa sanduna ko tsohuwar waya bisa fangalin, ku yafa tsohon gidan sauro da aka wanke, ku danne gefunan da duwatsu kada a bar ko kafa ɗaya. Tsoho na ce, wanda ya yage aka daina amfani da shi, ba a cire na gadon yara a kai wa latas.

Darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ganye, takan taru a bayan ganye, ganyen ya nannaɗe ya yi danƙo. Kabeji kuma ƙananan tsutsotsi kore ke huda shi. Ku riƙa juya ganye kuna dubawa duk safiya. A ƙaramin lambu, hannu ya fi kowane magani: a tsince, a murje, a cire ganyen da ya lalace. In kun tarar da dashe a yanke daga gindi, ku tona kusa da shi, za ku samu tsutsar a naɗe cikin ƙasa. A tumatir, in kun ga zane fari-fari cikin ganye, tsutsar nan ce da ta yi wa manoman Arewa mummunar ɓarna a 2016, ku cire ganyen ku ƙona tun bai yaɗu ba.

In abin ya fi ƙarfin hannu, ga dogon yaro a ƙofar gida. Ku daka busassun 'ya'yansa giram 50 ga kowace lita ɗaya ta ruwa, ko ɗanyen ganye kilo 1 ga lita 5. A jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulu kaɗan a ciki don ya kama ganye. Da yamma ake fesawa, don rana na kashe ƙarfinsa, kuma a tabbatar ya samu bayan ganye. A maimaita bayan kwana 5 zuwa 7. Ku dakata kwana huɗu kafin cira, in ba haka ba za ku ji ɗacinsa a faranti.

Gargaɗi: fiya-fiya da maganin sauro da ragowar maganin feshin wake ko auduga, ko kusa kada su zo inda ganyen salak yake.

11. Cira da ajiya

Ba sai latas ya dunƙule ba. Mako uku bayan dashe kuna iya fara ɗiba, in kuma kun sa takin zamani sai ya cika mako biyu da sawa: ganye biyu ko uku na waje daga kowane gindi, a bar na tsakiya. Gindi 21 a haka za su riƙa ba gida kwano guda duk bayan 'yan kwanaki har tsawon wata. Waɗanda kuke so su yi kai, ku ware su kada a taɓa, in kun danna kun ji tauri ku yanke daga gindi. Da sassafe ake cira, kafin rana ta taɓa shi, lokacin ya fi ƙaras-ƙaras.

Ku sa ido kan tsakiyarsa. Da zarar ya fara tsawo yana tsini, ko kun karya ganye kun ga farin ruwa mai yawa kamar madara, zai yi fure ke nan. Ku cire duka a makon, jira ba ya ƙara masa komai sai ɗaci.

Lansir da almakashi ake yankansa in ya kai tsawon yatsa. Lawashi a yanka a bar gindin, zai sake fitowa sau biyu ko uku. Alayyafo a yanke sama a bar ganye huɗu a ƙasa, ya yi rassa. Karas ku tone kafaɗarsa ku gani, in ta kai kaurin babban yatsa ku jiƙa ƙasar ku tuge. Kabeji in ya yi tauri kada a bar shi yana shan ruwa, tsagewa zai yi.

Ko na gidanku ne, a wanke shi ganye-ganye da ruwa mai tsabta, a sa ɗan gishiri ko ruwan khal, a ɗauraye. In ba yanzu za a ci ba, kada a wanke, a naɗe cikin ƙyalle mai danshi a sa a tukunyar ƙasa kusa da randa, zai kwana biyu lafiya ko babu wuta.

12. In zafi ya kawo kai

Daga ƙarshen Fabrairu kada ku yi jayayya da rana, latas ya gama nasa. Ku tuge gindayen, ku ƙara taki bokiti ɗaya, ku zuba alayyafo da rama da sure, ku shuka guro da kokwamba, in ruwanku zai iya, don yanzu fangalin zai sha kusan ninkin na da. Inda tumatir ya zauna, kada a maimaita tumatir ko tarugu a wurin baɗi.

Ku bar latas biyu mafi kyau, waɗanda suka fi jinkirin miƙewa, su yi fure. In furen ya bushe ya yi farin gashi, ku karkaɗe kan cikin roba, ku shanya a inuwa, ku sheƙe, ku zuba a kwalba mai murfi, ku rubuta suna da wata a jiki, ku ajiye a ɗakin da ya fi sanyi. Irin da aka rubuta F1 a ledarsa ba a ajiye 'ya'yansa, sabo ake saye.